Mutum Nawa Za A Tambaya? Bayani A Kan Ƙayyade Yawan Samfur

Duk malamin da ya taɓa duba aikin ɗalibi mai bincike, a jami'a ko a kwalejin horon malamai, ya san tambayar nan: "Malam, mutum nawa zan tambaya?" Amsar da a kan bayar iri biyu ce. Wani ya ce a ɗauki kashi 10 cikin ɗari na jama'ar, wani kuwa ya ce a buɗe littafi a kwafo 384 ko 400. Amsa ta farko ba ta da tushe ko kaɗan a ilmin ƙididdiga. Ta biyu tana da tushe, amma an ɗaura ta bisa waɗansu sharuɗɗa da galibin masu kwafowa ba su san da su ba, balle su cika su. Nufin wannan takarda shi ne a nuna inda lambobin nan suka fito, da abin da su ke lamuncewa, da kuma abin da ba su lamunce wa kowa ba.

Sai mu fara daidaita sunaye. Abin da a ke son sanin halinsa baki ɗaya, ko mutane ne, ko makarantu, ko kalmomin ƙamus, za mu kira shi al'ummar bincike. Ɗan abin da aka ɗebo daga cikinta aka auna kuwa, shi ne samfur. Aikin ba baƙo ba ne gare mu. Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu ya ƙirga tsaba, hannu ya ke zurawa ya ɗebo ya duba, sa'an nan ya yi ciniki a kan abin da ya gani. Abin da ilmin ƙididdiga ya ƙara kawai shi ne ya faɗa mana da lamba gwargwadon yadda abin da ke tafin hannu zai iya saɓa wa abin da ke cikin buhu.

An daɗe kafin masana su yarda da wannan. A 1802 Laplace ya sa aka ƙirga mutanen waɗansu garuruwa na Faransa tare da yawan haihuwar da aka rubuta a cikinsu, ya ƙiyasta mutanen ƙasar duka miliyan 28 da ɗoriya, har ya lissafa yadda ƙiyasin zai iya kaucewa. Duk da haka, sa'ad da Anders Kiaer, shugaban ofishin ƙididdiga na Norwe, ya kawo shawarar aiki da samfur a taron masana na duniya a birnin Bern a 1895, suka ya sha, don manyan lokacin suna ganin ba abin da zai maye gurbin ƙidayar kowa da kowa. Jerzy Neyman ne ya kafa al'amarin a kan ƙafafunsa, cikin wata takarda da ya karanta a Landan a 1934, da wata da ya buga a 1937. Lissafin da za mu bi a nan daga wannan tushe ya fito.

Sharaɗi biyu da mai bincike ke gindaya wa kansa

A ƙaddara wani malami yana son sanin kashi nawa cikin ɗari na 'yan aji shida a makarantun firamare na wata ƙaramar hukuma ke iya karanta sakin layi guda na Hausa ba gargada. Ba ya iya gwada su duka. Ya zaɓi yara 385 ta hanyar ƙuri'a, 154 suka iya, watau kashi 40 cikin ɗari. To, da wani malamin zai zaɓi waɗansu yara 385 daban a rana guda, ba lalle ya sami 40 cif ba. Mai yiwuwa ya sami 38, ko 43. Ba wanda ya yi ha'inci a cikinsu, rabon ɗiba ne ya bambanta. Saboda haka mai bincike na kirki ba ya cewa "kashi 40 ne" ya yi shiru. Cewa ya ke yi gaskiyar tana tsakanin 35 da 45. Makin nan biyar da ya bari sama da ƙasa su ne iyakar kuskure.

Amma ko wannan tazara da ya bari ba a rantsuwa a kanta. Yana yiwuwa ƙuri'a ta faɗa a kan yara masu ƙoƙari fiye da kima, har tazarar ta tsallake gaskiya baki ɗaya. Nan ne sharaɗi na biyu ya shigo, watau matakin amincewa. In an ce matakin amincewa kashi 95 ne cikin ɗari, ma'anarsa ita ce, da za a maimaita binciken sau ɗari, kowane karo da sabon samfur mai yawan na farko, a kuma shata tazara irin waccan, to wajen sau 95 gaskiya za ta faɗo cikin tazarar, wajen sau biyar ta faɗa waje. A lura, lamunin a kan hanyar aikin ya ke. Malamin nan namu bincike guda ya yi, ba shi kuwa da yadda zai san ko nasa yana cikin 95 ɗin ne ko cikin biyar. Ɗalibai da yawa su kan rubuta cewa kashi 95 na amsoshin da suka tattara daidai ne, alhali maganar ba ta ko kusa da nan.

Me ya sa 95, ba 94 ko 97 ba? Al'ada ce kurum. R. A. Fisher, a littafinsa na 1925, ya ga ɗaya cikin ashirin iyaka ce mai sauƙin aiki, jama'a suka bi shi. Wanda kuskurensa zai jawo asarar rai ya kan nemi 99, wanda ke ɗan leƙen hanya kafin babban aiki kuwa 90 ta ishe shi.

Inda lissafin ya fito

Tun 1733 Abraham de Moivre ya gano cewa in aka yi ta maimaita ɗiba irin wannan, sakamakon ba barkatai su ke watsuwa ba. Mafi yawansu su kan taru kusa da gaskiya, su riƙa raguwa hagu da dama, har in aka zana su sai a ga siffar ƙwarya a kife. Faɗin ƙwaryar nan yana da ma'auni, wanda za mu kira ma'aunin kaucewa. Ana samunsa haka: a ɗauki rabon waɗanda ke da halin da a ke nema, a kira shi p, a buga shi sau rabon waɗanda ba su da shi, watau 1 − p, a raba da yawan samfur, n, sa'an nan a ɗauki saiwar abin da ya fito. Saiwar lamba ita ce lambar da in aka buga ta sau kanta za ta ba da waccan, kamar yadda 10 ta ke saiwar 100.

Abin da ke da amfani a siffar ƙwaryar shi ne ba ta sakewa. Kullum kashi 95 na sakamakon suna faɗawa ne cikin nisan ma'auni 1.96 daga gaskiya, kashi 90 cikin nisan 1.645, kashi 99 cikin nisan 2.576. Wannan lamba da ta dace da matakin amincewa a kan rubuta ta da harafin z. Ashe ke nan iyakar kuskure, e, ba kome ba ce illa z sau ma'aunin kaucewa. Mu kuwa n mu ke nema, don haka sai a juya lissafin ya zama:

n = z × z × p × (1 − p) ÷ (e × e)

Nan take mai hankali zai ce, ai p ɗin ne mu ke nema, yaya za a sa shi cikin lissafi tun ba a fita ba? Tambaya ce mai kyau, mafitarta kuwa mai sauƙi. In aka buga p sau 1 − p, abin da ke fitowa ba ya taɓa wuce 0.25, kuma yana kai wa nan ne sa'ad da p ta ke rabi daidai. In p 0.2 ce, 0.16 za a samu, in 0.1 ce, 0.09. Saboda haka wanda bai san kome game da al'ummarsa ba sai ya ɗauki rabi, ya san ya yi tanadin mafi tsananin hali. Ga lissafin malaminmu, da amincewa 95 da iyakar kuskure maki 5, watau 0.05. 1.96 sau 1.96 ya ba da 3.8416, sau 0.25 ya zama 0.9604; a raba da 0.0025, a sami 384.16. Tun da ba a gwada guntun yaro, kuma in an rage an karya sharaɗi, sai a cika zuwa 385. Ga asalin lambar nan da ta cika kundayen ɗalibai.

Da malamin ya nemi amincewa 90 kawai, yara 271 sun ishe shi. Da ya nemi 99, sai 664. Da kuma wani bincike na baya ya nuna masa p ba za ta wuce 0.2 ba, 246 sun wadatar. Sai dai a yi hattara in abin da a ke nema ƙaranci gare shi. In ana zaton kashi 6 ne kawai na yara ke da matsalar ji, iyakar maki 5 ba ta da wani amfani, don ce wa hukuma "tsakanin 1 da 11" daidai ya ke da ba a gaya mata kome ba. A irin wannan hali dole a matse iyakar, samfur kuwa ya kumbura.

Matse iyakar nan ita ce mai tsada, kuma a nan ne ya kamata malami ya tsaya da ɗalibansa sosai. Da ya ke e sau kanta a ke rabawa da ita, duk wanda ya so ya rage kuskure da rabi sai ya ninka samfur sau huɗu. Da amincewa 95, iyakar maki 10 mutum 97 ta ke bukata, maki 5 mutum 385, maki 3 mutum 1,068, maki 1 kuwa mutum 9,604. Mutum ɗari na farko da aka tambaya su ne suka fi kowa amfani. Wanda ya riga ya tambayi 1,000 ya ƙara ɗari a kai, kuskurensa daga maki 3.1 zuwa 3.0 kawai zai sauka, kuɗin mota da na takarda kuwa ba su ragu ba. Wannan ne dalilin da ya sa masu auna ra'ayin jama'a a ƙasashe da yawa su kan tsaya a mutum 1,000 ko sama da haka kaɗan. Ga wanda ke son lissafin ka, in ya raba 100 da saiwar yawan samfur zai sami kusan iyakar kuskurensa: mutum 100 maki 10, mutum 400 maki 5, mutum 2,500 maki 2.

In kuwa ba rabo a ke nema ba, matsakaici ne, kamar matsakaicin makin jarrabawa, tsarin ɗaya ne, sai dai a madadin p a kan sa ma'aunin bazuwar makin, wanda a ke samowa daga ɗan gwajin share fage ko daga sakamakon shekarun baya. A buga z sau wannan ma'auni, a raba da e, a buga abin da ya fito sau kansa. In bazuwar maki 15 ce, ana son kada kuskure ya wuce maki 2, to 1.96 sau 15 a raba da 2 ya ba da 14.7, sau kansa 216.09, watau ɗalibi 217.

Girman al'umma

Mai karatu ya lura cewa har yanzu ba mu ambaci yawan al'ummar bincike cikin lissafi ba. Ba mantuwa ba ce. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga zuciya a cikin fannin duka: mutum 385 da suka isa a auna gari mai mutum 100,000, su ne dai za su isa a auna Jihar Kano da ƙidayar 2006 ta ba mutum wajen miliyan 9.4, muddin ƙuri'a ta gaskiya aka yi. Mai girkin biki da mai girkin gida, kowacce da ɗan abin da ke bakin ludayi ta ke jin gishiri. Girman tukunya ba ya ƙara yawan ɗanɗano, abin da ya ke ƙarawa shi ne wahalar motsawa. Da wannan ne ƙa'idar "kashi goma cikin ɗari" ta rushe. A makaranta mai ɗalibi 200 za ta ba da mutum 20, waɗanda kuskurensu ya haura maki 20. A jiha mai mutum miliyan 9 kuwa za ta nemi 900,000, abin da ba mai iyawa, ba kuma mai bukata.

Yawan al'umma yana shiga lissafi ne kawai in ta yi ƙanƙanta har samfur ya cinye wani yanki mai kauri daga cikinta. A nan akwai rangwame. A cire ɗaya daga n, a raba da yawan al'umma, a ƙara ɗaya, sa'an nan a raba n da abin da ya fito. In malaman wata gunduma su 500 ne, 384 a raba da 500 ya ba da 0.768, da ɗaya 1.768, 385 a raba da wannan ya ba da 218. In su 100 ne, 80 za a tambaya, wanda a ganina gara a tambaye su duka a huta. In 1,000 ne wajen 278, in 10,000 ne wajen 370, daga nan kuma rangwamen bai taka kara ya karya ba.

Wannan lissafi ne Krejcie da Morgan suka jera a jadawalinsu na 1970, wanda ya ƙare a 384. Shi ne kuma ke ɓoye cikin ƙa'idar Taro Yamane ta 1967, wadda ta zama ruwan dare a kundayen jami'o'in Nijeriya: a raba yawan al'umma da ɗaya haɗe da yawan al'umma sau e sau e. Wanda ya warware ta zai ga an ɗauki p rabi ne, an kuma cika 1.96 zuwa 2 don sauƙi, shi ya sa ta ke ƙarewa a 400 maimakon 385. Ba laifi gare ta a muhallinta. Laifin shi ne a kan ga ɗalibi ya yi aiki da ita alhali matsakaici ya ke nema, ko ya ce amincewarsa 99 ce, ko kuwa, mafi yawa, ya lissafa 400 ɗin sa'an nan ya raba takardun tambaya ga waɗanda ya tarar a ɗakin malamai.

Abin da lambar ba ta lamunce ba

Duk abin da aka faɗa a sama ya rataya ne a kan zaɓen ƙuri'a, watau a sami jerin sunayen al'umma cikakke, a zaɓo daga ciki ta yadda kowa rabonsa daidai da na kowa, kuma fitowar wani ba ta jawo fitowar maƙwabcinsa. Tsayawa bakin kasuwa ana tare duk wanda ya gitta ba shi ne ƙuri'a ba, don matan kulle da tsofaffi da masu aikin gona ba za su gitta ba.

Abu na farko da kan rage darajar 385 shi ne rarrabawa. Lambar ta al'umma ce dunƙule. In malaminmu ya raba yaransa maza da mata, kowane ɓangare wajen 192 ne, kuskurensa kuwa maki 7. In ya zo kwatanta su, kuskuren bambancin ya kai wajen maki 10, don kowane gefe na da nasa kaucewar. Saboda haka in ya sami maza 43 mata 37, ba shi da hujjar rubuta cewa maza sun fi mata karatu. Wanda kwatanci ne ainihin nufinsa, tun farko sai ya lissafa wa kowane rukuni nasa samfur. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 gida 42,000 aka zaɓa masa, ba don ƙasar na da girma ba, sai don ana son sakamakon kowace jiha daga cikin 36 da Abuja ya tsaya da kansa.

Abu na biyu ya fi wannan ɓarna, ya kuma fi ɓoyuwa. Ba malamin da zai bi yara 385 warwatse a makarantu ɗari. Abin da zai yi shi ne ya zaɓi makarantu 13, ya gwada yara 30 a kowacce, ya ce ya sami 390, ya wuce adadi. Amma yaran aji guda malaminsu ɗaya, littafinsu ɗaya, unguwarsu ɗaya. In guda ya iya karatu, akwai alamar na kusa da shi ma ya iya. Yaro na talatin a ajin ba sabon labari ya kawo ba, maimaita na 'yan'uwansa ya yi. Leslie Kish, a littafinsa na 1965, ya ba wannan asara suna da ma'auni, mu kira ta tasirin tsari. A cire ɗaya daga yawan waɗanda aka ɗauka a kowane gungu, a buga sau gwargwadon kamannin 'yan gungu da juna, a ƙara ɗaya. A ƙaddara kamannin 0.1 ne, wanda ba wani mai yawa ba ne ga makarantu. 29 sau 0.1 da ɗaya ya ba da 3.9. Ashe yaran nan 390 darajar yara 100 gare su, kuskuren da a ke zaton maki 5 ne kuwa maki 10 ne. In ana son maki 5 na gaskiya da yara 30 a makaranta, sai an gwada wajen 1,500 a makarantu 50. In kuwa aka rage zuwa yara 10 a kowace makaranta, tasirin ya sauka zuwa 1.9, yara 732 a makarantu 74 sun isa. Yawan makarantu ya fi yawan yara amfani.

Ma'aikatan lafiya sun daɗe da sanin wannan. Tsohuwar hanyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yawan yaran da aka yi wa rigakafi, wadda tushenta ya samo daga binciken lambar agana a Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1960, ita ce a zaɓi gungu 30 a ɗauki yara 7 a kowanne, jimla 210. Iyakar maki 10 da amincewa 95 yara 96 ta ke nema, aka ninka biyu saboda tasirin tsari, aka cika don ya rabu 30 daidai. Hukumar ta sake tsarin daga baya, amma darasin lissafin yana nan.

Kada masu nazarin harshe su ce wannan maganar likitoci ce. A ɗauka ana son ƙiyasta kashi nawa na kalmomin ƙamusun Bargery na 1934 aro ne daga Larabci. Kalmomin wajen 39,000 ne, samfurin 385 kuwa ya isa. Amma wanda ya buɗe shafuka goma a jere ya ƙirga, in hannunsa ya faɗa inda albarka da alƙali da aljihu da alkama su ke, zai rantse rabin Hausa Larabci ne. In ya faɗa cikin kalmomin da suka fara da ɓ ko ƙy, zai ce ba aro sam. Shafi gungu ne. Daidai shi ne a zaɓi shafuka masu yawa ta ƙuri'a, a ɗauki kalma ɗaya ko biyu a kowanne. Haka abin ya ke ga mai nazarin karin harshe da ya ɗauki mutum ashirin a gida guda, da mai ƙirga kalmomin Gaskiya Ta Fi Kwabo daga fitowa biyu kacal.

Abu na uku shi ne karkata, ita kuwa yawa ba ya maganinta. A zaɓen shugaban Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya wajen miliyan 10, aka mayar mata fiye da miliyan 2. Ta yi hasashen Alf Landon zai sami kashi 57, Franklin Roosevelt 43. Da a ce ƙuri'a ta gaskiya ce ta fitar da mutanen nan, kuskuren ba zai kai ko kashi ɗaya cikin goma na maki guda ba. Ranar zaɓe Roosevelt ya sami wajen kashi 61, ya ci jiha 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta yi aiki da su galibi daga littattafan masu tarho da rajistar masu mota aka kwaso su, a zamanin da talaka ba shi da ko ɗaya. Sa'an nan waɗanda suka ɗauki wahalar mayar da amsa sun fi yawa cikin masu jin haushin gwamnati. George Gallup, da samfurin da bai kai kusa da wannan ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Mujallar ba ta wuce 1938 ba. Mai hatsi ya san haka tun da daɗewa: in an yi wa buhu kwalliya a baki, ko sau nawa ka ɗiba daga sama, kwalliyar za ka yi ta gani.

Game da waɗanda ba za su amsa ba, a kan yi tanadi ta raba samfur da rabon da a ke zaton zai amsa. In ana sa ran kashi 80, to 385 a raba da 0.8, a nemi mutum 482. Wannan yana cike adadi ne kawai. In yaran da ba su zo makaranta ranar gwaji ba su ne masu yawan fashi, watau waɗanda suka fi rauni a karatu, ƙarin yara daga cikin masu zuwa kullum ba zai maye gurbinsu ba. Komawa a nemo goma daga cikin waɗanda aka rasa ya fi ƙara hamsin daga waɗanda ke kusa.

Saura hali guda, wanda shi ne ya fi yawa a tsakanin ɗalibanmu. Sau da yawa ba lissafi ke yanke yawan samfur ba, aljihu ne da kwanakin da suka rage kafin a miƙa kundi. Ɗalibin da ƙarfinsa mutum 150 ne kada a tilasta masa rubuta 385, don abin da hakan kan haifar an san shi: a zauna a ɗaki a cike sauran takardun da hannu guda. Sai ya bi lissafin ta baya. Saiwar 150 ita ce 12.25, 1.96 sau 0.5 ya ba da 0.98, a raba, a sami 0.08. Ya rubuta a fili cewa samfurinsa mutum 150 ne, an zaɓe su ta hanya kaza daga jeri kaza, mutum kaza suka ƙi amsawa, iyakar kuskurensa maki 8 ce a matakin amincewa 95, in gungu-gungu ya ɗiba kuwa ta fi haka. In abin da ya samu kashi 75 ne, yana da ikon cewa mafi yawan al'ummar haka su ke, don ko an cire 8 an bar rabi a baya da nisa. In kashi 55 ne, tazararsa daga 47 zuwa 63 ta ke, ba shi da ikon cewa rinjaye ne, mai jarraba shi kuma yana da hakkin ya tsayar da shi a kan wannan jimla.